Farfelar tagulla ta koma ja tana gutsurewa: mene ne ya ci ta?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe da waɗanda suka san ruwa. A watan jiya ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayo wani jirgin ruwa na hannu daga Fatakwal, irin na fayiba mai inji a ciki, da niyyar mu kai shi Yawuri ya riƙa fito a tafkin Kainji. Da yake garejin yayan nawa yana nan Tudun Wada, sai muka sa tirela ta sauke mana shi a Zariya domin a duba injin a kuma sake masa fenti kafin a wuce da shi. Jiya yara suna kankare gindinsa sai muka ga farfelar, wadda mai sayarwa ya rantse mana tagulla ce zalla da ba ta san tsatsa ba, ta yi dabbare-dabbare da wani launi irin na jan goro. Na sa farce a bakin reshe ɗaya, sai ya gutsure ya zube kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Akwai kuma bawul ɗin da ke ƙasan jirgin, wanda ruwan sanyaya inji yake shigowa ta cikinsa. Da bakanike ya murɗa hannunsa sai wuyan ya karye gaba ɗaya, kuma cikin karayar ma ja ne. Shin tagulla tana tsatsa ne, ko kuwa ha'intarmu aka yi? Sannan walda za mu yi wa farfelar, ko dole sai sabuwa?

Makerin_Sabon_Gari:
Wa alaikumus salam. Sannu da wannan asara, Malam Baban Khalifa. Tun ina yaro nake gaban wuta, ban taɓa ganin tagulla ta gaske ta yi tsatsa ba, iyakarta ta yi kore-kore a goge ta da toka da lemun tsami ta dawo tana walƙiya. Jabu aka sayar muku. Ka kawo mini tsohuwar in yi mata zubi, akwai tsofaffin kawunan famfo da makullai da na tara, in narka in zuba maka wata.

Injiniya_Samaru:
Baba Maƙeri, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan kore-koren nan daidai take, domin wannan koren ba ciwo ba ne, riga ce da ƙarfen yake saka wa kansa. Amma ina roƙon kada a yi saurin zuba farfela daga kawunan famfo, saboda abin da zan faɗa.

Mu a Hausa kusan duk ƙarfen da ya yi launin zinare muna ce masa tagulla, alhali iyali biyu ne mabambanta. Na farko shi ne jan ƙarfe da aka haɗa da kuza, irin kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos, kuma wannan shi ne tagullar da take jure ruwan teku shekara da shekaru. Sanannen haɗin da ake yi wa bawul na jiragen ruwa shi ne kashi 85 cikin 100 jan ƙarfe, sai kuza da dalma da tutiya kowanne kashi 5. Na biyu shi ne jan ƙarfe da aka haɗa da tutiya mai yawa (tutiya ita ce ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi), kuma irin wanda ya fi yawa a kasuwa yana da tutiya kusan kashi 40 cikin 100. Da shi ake yin yawancin kawunan famfo da makullai. Idan tutiya ta haura kimanin kashi 15 cikin 100, ruwan gishiri yana iya tsame ta daga jikin ƙarfen a hankali, ya bar jan ƙarfen shi kaɗai a tsaye, siffar tana nan yadda take amma cikin ya zama kamar soso. Launin jan goron da Baban Khalifa ya gani shi ne jan ƙarfen da aka bari bayan tutiya ta tafi.

Game da ha'inci kuwa, ba lallai ne mai sayarwar ya san ya yi ƙarya ba. Akwai wani haɗi da ake yawan zuba ƙananan farfela da shi, wanda masu ƙera shi da kansu suke kira tagulla mai manganis, amma idan aka duba abin da ke cikinsa tutiya ta kusa kashi 40 cikin 100. Suna ne na tagulla, hali na ɗaya iyalin.

Tsohon_Matuki:
Na yi aikin jirgi a Legas da Warri kafin in dawo gida Wusasa, saboda haka bari in yi wa Baban Khalifa tambaya ɗaya kafin in ce komai. Ɗana, ka leƙa sandar da farfela take ɗaure a kanta. Akwai wani dunƙulen ƙarfe mai launin toka da aka ɗaura mata kamar awarwaro, ko wani falle da aka ɗaure da noti a jikin jirgin kusa da wurin? Idan akwai, a wane hali yake?

Baban_Khalifa:
Baba, na je na duba yanzun nan. Akwai awarwaron a jikin sandar, kuma lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo bai ci ba. An shafe shi da shuɗin fenti irin na gindin jirgin, har hawa uku na ƙirga da na kankare gefensa da wuƙa.

Tsohon_Matuki:
To, ga ɓarawonka nan. Wannan awarwaro shi muke kira anod, kuma tutiya ce zalla. Aikinsa kenan ruwa ya ci shi a madadin farfela, shi ya sa wani shugabanmu na aiki yake ce masa ƙarfen fansa. Anod ɗin da aka ciro daga ruwa bayan shekara aka same shi lafiya ƙalau, to bai yi aikin komai ba, wani ne ya biya bashin. Mu a wurin aiki doka ce: ba a shafa masa fenti, ba a shafa masa giris, kuma idan rabinsa ya cinye ana cire shi a sa sabo. Wanda ya yi fentin nan yana ganin ya kyautata wa mai jirgi ne, bai san ya ɗaure mai gadi ya bar ƙofa a buɗe ba.

Malama_Kimiyya:
Baba Matuƙi ya faɗi abin a aikace, ni kuma bari in ƙara dalilinsa kamar yadda nake koya wa ɗalibaina na sakandare. Duk lokacin da ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna alhali suna cikin ruwan da lantarki yake iya bi, to an haɗa batir ke nan, ko an yi niyya ko ba a yi ba. Ɗayan zai riƙa narkewa, ɗayan kuma ya samu kariya. Ƙarafa suna da jeri a kan wannan: magniziyam ya fi kowa saurin ba da kansa, sai tutiya da alminiyam, sai baƙin ƙarfe, sai iyalan jan ƙarfe, sannan ƙarfen silba marar tsatsa yana can sama. A jirgin Baban Khalifa, idan sandar ta silba ce kamar yadda aka saba, to farfelar ce ƙarama a wannan aure, ita ce za ta ciyu. An sa tutiya a tsakani ne domin ta fi su biyun rauni. Da aka rufe ta da fenti, sai ruwan ya koma neman tutiyar da ke cikin farfelar kanta.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, shi ya sa wannan batir yake da ƙarfi a can. Ruwan Fatakwal zartsi ne, tsakanin na teku da na kogi, ga ɗumi, kuma ɗumi yana ƙara wa irin wannan ci sauri. Ruwan tashar jirgi da ƙazanta ta yi wa yawa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi ma yana ɓata rigar da jan ƙarfe yake kare kansa da ita.

Mai_Wayarin_PZ:
Ina girmama bayanin Malama da na Baba, amma kada a rufe shari'a a kan fenti kaɗai. Ni aikina wayarin mota da na jannareto, kuma an taɓa ɗaukata zuwa Shiroro in duba wani jirgi da farfelarsa ta lalace cikin 'yan makonni, a ruwan daɗi ma ba na gishiri ba. Abin da na tarar shi ne, wayar famfon da ke kwashe ruwa daga cikin jirgin an haɗa ta da salatif, mahaɗar tana kwance cikin ruwan da ya taru a ƙasa, wuta tana zurarewa daga batir mai bolt 12 tana bi ta inji da sanda tana fita ta farfela. Inda wuta take fita daga ƙarfe zuwa ruwa, nan ne ƙarfen yake narkewa. A lissafin masana, amfiya 1 da ya yi shekara yana zurara yana cinye kusan kilo 9 na baƙin ƙarfe, ka ga ke nan ko kaɗan ne ya zurara, farfela ba za ta kai labari ba. Irin wannan ci yana barin ramuka masu haske kamar an ƙwaƙule da cokali. Baban Khalifa ya duba ko akwai su.

Injiniya_Samaru:
Wannan gyara ne mai amfani. Bambancin da za a lura da shi shi ne, zurarar wuta tana cin ƙarfen gaba ɗayansa har ya ragu, ita kuwa tafiyar tutiya tana barin siffa cif, launi da ƙarfi ne kawai suke canjawa. Akwai ma na uku da ake yawan ruɗawa da su: idan farfela tana juyawa da gudu, kumfa tana fashewa a bayan rassanta tana tsattsage ƙarfen har ya yi kamar saƙar zuma, kuma wannan duka ne na ruwa, babu ruwansa da gishiri ko anod.

Mai_Fito_Yawuri:
Gaisuwa ga manya. Ni ba ɗan boko ba ne, ɗana ne yake rubuta mini, amma shekarata ashirin da wani abu ina fito a kan Kainji. Gaskiya mu nan ba mu san wannan ciwo ba. Jiragenmu na katako ne, injinmu na ratayawa a baya, farfelarsa ta alminiyam, kuma abin da yake kashe ta kututturen itacen da ke ƙarƙashin ruwa ne da ragar masunta. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da kunne a saman farfelar injin Yamaha, wanda bakanike ya ce mini shi ne irin abin da kuke faɗa, amma na fi shekara biyar ban canja shi ba, fari kawai ya yi. A ganina idan jirgin ya iso nan, ruwanmu mai daɗi ne, maganar ta ƙare. Kada a sa bawan Allah kashe kuɗin da ba dole ba.

Malama_Kimiyya:
Baba Mai Fito, ranka ya daɗe, gaskiya ne ruwan daɗi ba ya ci kamar na gishiri, domin lantarki yana shan wuya kafin ya bi ta cikinsa. Amma farin da ka ce ɗan kunnen ya yi shi ne abin lura. Tutiya idan ta zauna a ruwan daɗi tana yin wani farin ɓawo mai tauri da yake rufe ta, ta daina aiki, tamkar dai an yi mata fentin da ake magana. Abin da ya sa ake cewa tutiya ta ruwan gishiri ce, magniziyam na ruwan daɗi, anod na alminiyam kuma yana aiki a gishiri da zartsi. Idan jirgin zai zauna a Kainji, shawarata a sa masa magniziyam.

Tsohon_Matuki:
'Yata, a nan zan ɗan saɓa miki. Magniziyam yana da zafi. Idan wata rana suka sayar da jirgin ya koma kudu, cikin ɗan lokaci zai narke a bar farfela tsirara. Kuma tunda Mai Fito yana karantawa, kada wani ya ji wannan hira ya je ya ɗaura wa jirgin katako anod barkatai: kariya idan ta yi yawa tana tara wani farin gari kamar kanwa a kewayen ƙarfen, katakon wurin ya yi laushi ya zama zare-zare. Na ga jirgin da ƙarfensa yake lafiya amma katakon da ke riƙe da shi ya mutu. Ni da nawa ne, na alminiyam zan sa in riƙa dubawa.

Malama_Kimiyya:
Na karɓi maganar katako, Baba, ban kawo ta a raina ba. Amma jirgin da ake magana na fayiba ne, kuma Yawuri za shi ba Fatakwal ba, saboda haka ina nan a kan magniziyam.

Dalibi_Kongo:
Ni ɗalibin shari'a ne, amma ina son tarihi, kuma wannan matsala ta girmi kakanninmu. A shekarar 1761 sojojin ruwan Ingila sun lulluɓe gindin wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe domin tsutsar teku ta daina cin katako. Da aka duba shi bayan shekara biyu, sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfen da suka taɓa jan ƙarfen sun cinye, amma waɗanda takarda ta shiga tsakaninsu da fallen sun tsira. A 1824 kuma wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna Humphry Davy ya nuna cewa ɗan guntun tutiya ko baƙin ƙarfe yana kare jan ƙarfen jirgi, sai dai da jan ƙarfen ya daina narkewa, ciyayi da ƙwarin teku suka samu wurin zama a jikinsa, jirgin ya rage gudu. Maganar Injiniya a kan suna ma ta tuna mini cewa kayan tarihin Benin da duniya take kira tagulla, yawancinsu haɗin tutiya ne, na Igbo-Ukwu ne suke da kuza.

Shugaban_Zaure:
Mun gode, ɗalibi. Sai dai mai tambaya ya yi tambaya biyu, kuma har yanzu ba a ce masa komai a kan walda ba. A dawo kanta.

Injiniya_Samaru:
Walda ba za ta kama ba a inda ya riga ya yi ja, domin babu lafiyayyen ƙarfen da za ta riƙe. Ga yadda za a gane iyakar ɓarnar ba tare da na'ura ba. A cire farfelar a rataye ta da igiya, a ɗan buge kowane reshe da ƙaramar guduma: lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawa, wanda ya ciyu kuwa yana yin ƙara irin ta fasasshiyar ƙwarya. Sannan a sa magagari a goga wurin jan. Idan da shafa biyu ko uku launin zinare ya fito, cin bai wuce fata ba, ana iya goge ta a ci gaba da aiki da ita ana lura. Idan ana ta gogawa ja yana ta fitowa, ko bakin reshe yana gutsurewa da farce kamar yadda aka faɗa, to ta gama aiki.

Amma ni farfelar ba ita ce ta fi tayar mini da hankali ba. Farfela idan ta karye, jirgi tsayawa yake yi a jira taimako. Bawul ɗin ƙasa idan ya karye, rami ne a buɗe a ƙarƙashin ruwa, cikin jirgin da aka cika da mata da yara da buhunan hatsi ranar kasuwa. Allah ne ya sa ya karye a hannun bakanike a Tudun Wada. Duk wani ƙarfe da ya huda gindin jirgin nan a cire shi a gwada, har da notinsa, kada a bar ko ɗaya saboda ya yi kyau a ido.

Fulamba_Kwangila:
Ina tabbatar da wannan daga aikina. Ko a gidajen Zariya nan na sha cire kan famfo ko bawul na tankin rijiyar burtsatse da ya karye a wuya, cikinsa ja kamar bulo, alhali wajensa yana sheƙi saboda farin shafen da aka yi masa. Saboda haka ina gargaɗin Baban Khalifa, kada ya shiga kasuwar Sabon Gari ya ɗauki bawul na ruwan gida don ya ga girman ɗaya ne kuma zaren ya hau. Ni nake sayensu kullum, na san ba don gindin jirgi aka yi su ba. Akwai wani iri mai tambarin DZR ko CR a jikinsa, wanda aka yi domin ya jure tafiyar tutiya, amma ba kowane shago ne yake da shi ba.

Makerin_Sabon_Gari:
Na ji bayanin Injiniya, kuma yaro ya gaya mini gaskiya, ban ji haushi ba. Lallai idan muna narka kawunan famfo wani farin hayaƙi yana tashi mai sa zazzaɓi da dare, ashe tutiyar ce take gudu. Amma ina tambaya, idan na samu wayar jan ƙarfe zalla da kuza daga Jos na auna da sikeli, me zai hana in zuba farfelar? Kakanninmu da na Bida ba su jira Turawa ba kafin su yi zubi.

Injiniya_Samaru:
Babu abin da zai hana a fannin haɗi, Baba, matuƙar wutar ta kai, domin jan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1085 yake narkewa, alhali alminiyam da ake tukwane da shi yana narkewa a 660. Hayaƙin nan kuwa tutiya ce, tana tafasa a digiri 907, kuma a guji shaƙarsa. Inda wahalar take shi ne karkacewar rassan da nauyinsu, dole su zo daidai da juna, in ba haka ba jirgin zai riƙa kakkarwa har sandar ta lalace. Da za ka fara da abin da ba ya juyawa, da na fi natsuwa.

Baban_Khalifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da muka yi yau da safe. Mun rataye farfelar a jikin dalbejiyar gareji, reshe biyu sun yi ƙarar ƙwarya, ɗaya ne kawai ya amsa. Ƙarafan da suka huda gindin jirgin guda huɗu ne: biyu da magagari ya taɓa su sai launin zinare mai duhu ya fito, ɗaya ja ne har ciki, na huɗun kuwa shi ne wanda ya karye. Abin mamaki, biyun da suka lalace sun fi sauran sabunta, da alama an canja su ne daga baya da na kasuwa. Ban ga ramuka masu haske ba, amma mun sami mahaɗar waya guda biyu da salatif a ƙasan inji, kamar yadda Mai Wayarin ya kwatanta. Yayana yana son magniziyam, ni kuma maganar Baba Matuƙi ta tsaya mini a rai.

Mai_Wayarin_PZ:
Waɗannan mahaɗai biyu a ɗaga su sama da inda ruwa yake taruwa, a kuma sa makunnin da yake yanke batir gaba ɗaya idan an ɗaure jirgi. Duk anod ɗin da kuka zaɓa, a kankare sandar har ta yi haske kafin a ɗaura shi, sannan a sa mitar gwajin lantarki tsakaninsa da farfela. Idan ta nuna fiye da om 1 (ma'aunin yadda abu yake tare wa wuta hanya), bai kama ba, a kwance a sake.

Mai_Fito_Yawuri:
Ni dai har yanzu ina ganin kututture ne zai fara gamawa da sabuwar farfelar kafin wata tutiya ta tafi, musamman idan ruwa ya ja baya. Idan kun tashi tahowa ku taho da guda biyu. Amma ɗana ya ce gobe zai kankare farin da ke jikin ɗan kunnen injinmu mu ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Injiniya_Samaru:
Baban Khalifa, kada ka jefar da karyayyen bawul ɗin. Idan za ka shigo Samaru ranar Asabar ka taho mini da shi tare da ɗaya daga cikin lafiyayyun, ina so in yanka su biyun in nuna wa ɗalibai cikinsu gefe da gefe.